Haɗa manhajojin wasu don rabawa: lasisi, takunkumi da abin da ya faru a Sudan

Da wuya a sami kwamfuta ko waya da ke aiki da manhajar mutum ɗaya. Ma'aikacin da ke shirya ɗakin kwamfuta na makaranta, da mai shagon gyaran waya da ke zuba wa jama'a manhajoji, da injiniyan da ke rubuta wa asibiti manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, duk aikin wasu suke tattarawa su ɗaure wuri guda su miƙa wa na gaba. Wannan aiki shi ake kira haɗa ƙunshin manhaja. Duk wanda ke yin sa yana fuskantar tambaya guda: wa ya ba da izinin rabawar, kuma zuwa ina aka yarda a kai kayan?

A Bahri da Hartum da Omdurman, biranen uku da ke mahaɗar rassan kogin Nilu, waɗanda suka haɗu suka zama babban birnin Sudan, an shafe fiye da shekara 20 ana fama da wannan tambaya. Takunkumin Amurka ya sa ko manhajar da masu ita suka ce kowa ya ɗauka takan ƙi saukowa idan daga Sudan aka nema. Batun ya shafi Hausawan ƙasar, waɗanda kakanninsu da yawa suka zauna a kan hanyar aikin Hajji ko suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, kamar mutanen Mai Wurno da ke kusa da Sennar. Ya kuma shafi ɗaliban Najeriya da Nijar da Chadi da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Hartum.

Mene ne ƙunshi, mene ne rumbu

Manhaja tana da fuska biyu. Akwai rubutun tushe, wato umarnin da mai ƙirƙira ya rubuta da hannunsa, wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma sarrafaffiyar manhaja, wadda aka riga aka juya ta zuwa abin da na'ura kawai ke ganewa. Mai haɗa ƙunshi yakan ɗauki ɗaya daga cikin biyun, ya haɗa da bayanin sauran manhajojin da take buƙata kafin ta yi aiki, ya sa hannunsa na sirri a kai, ya ajiye a inda mutane za su ɗauka.

Wurin ajiyar shi ne rumbu. Tsarin Linux irin su Debian da Ubuntu da Fedora kowanne yana da rumbunsa mai ɗauke da dubban ƙunsoshi. Wayoyin Android suna da Google Play, sannan akwai F-Droid, wanda aka kafa a 2010 domin manhajojin 'yanci kaɗai. Filash ko memori da aka cika da manhajoji ana yawo da shi daga shago zuwa shago shi ma rumbu ne, kuma ƙa'idojin rabawa suna hawa kansa kamar yadda suke hawa kan manyan.

Izini iri uku

Kafin a raba manhajar wani, izini uku ne ke buƙatar dubawa, kuma samun ɗaya ba ya nufin an sami sauran.

Na farko shi ne izinin mai ita, wanda ke rubuce a cikin lasisi. Na biyu shi ne izinin wasu da ba su rubuta manhajar ba amma suna da haƙƙi a kan wata dabara da ke cikinta, ko a kan suna da tambarin da take ɗauke da su. Na uku shi ne dokar ƙasar da kamfanin ko rumbun yake, wadda kan iya hana tura kaya zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya faru a Sudan ya fi shafar na ukun, amma ba a fahimtarsa sai an san biyun farko.

Lasisi: kyauta daban, 'yanci daban

Masu karanta Faransanci sun san bambancin da ke tsakanin logiciel gratuit da logiciel libre. A Hausa ma haka ne: manhajar kyauta ita ce wadda ba a biyan kuɗinta, manhajar 'yanci kuwa ita ce wadda aka yarda a karanta tushenta, a gyara, a kuma raba. Google Chrome kyauta ce, amma ba ta 'yanci ba ce, shi ya sa ba ta cikin rumbun Debian. Chromium, wadda aka gina Chrome a kanta, ita ce ke ciki.

Lasisin 'yanci masu sauƙin sharaɗi su ne MIT da BSD da Apache 2.0 na 2004. Babban abin da suke nema shi ne a bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a cikin ƙunshin. Apache ya ƙara da cewa idan akwai takardar sanarwa da ta zo da manhajar, a tafi da ita, kuma a nuna wuraren da aka yi gyara.

Lasisin GPL, wanda gidauniyar Free Software Foundation ta fitar da kashi na biyu a 1991 da na uku a 2007, ya fi tsauri. Duk wanda ya raba sarrafaffiyar manhajar GPL dole ya ba da rubutun tushenta, ko ya haɗa da rubutaccen alkawarin bayarwa wanda zai yi aiki na aƙalla shekara uku. Idan ya yi gyara ya raba, gyaran ma ya shiga ƙarƙashin GPL. Lasisin bai hana karɓar kuɗi ba. Mai shago a Suk Libya ta Omdurman ko a kasuwar Sa'ad Gishra ta Bahri yana da damar sayar da filash mai ɗauke da Linux, muddin bai hana mai saye kwafa ba kuma bai ɓoye tushen ba.

Sai lasisin mallaka, irin na Windows da Microsoft Office da manhajojin Adobe. A nan izinin amfani ake ba mutum, galibi a kan na'urori ƙididdigaggu, kuma an hana shi rabawa. Akwai kuma manhajar da ta zo babu wani lasisi a jikinta. Mutane da yawa suna ɗauka irin wannan ta kowa ce, alhali a dokar haƙƙin mallaka rashin lasisi yana nufin mai ita bai ba kowa izinin rabawa ba.

Lasisi yana iya canzawa. A 2011 kamfanin Oracle ya janye lasisin da ya ba masu Linux damar raba Java ɗinsa, Ubuntu ta cire shi daga rumbunta, aka koma kan OpenJDK. A watan Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin Terraform, wasu suka ɗauki kashi na ƙarshe da ya fita a ƙarƙashin tsohon lasisin suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu. Haka aka yi da Redis a watan Maris na 2024, inda Valkey ta fito. Saboda haka mai haɗa ƙunshi yana sake karanta lasisi duk lokacin da sabon kashi ya fito.

Haƙƙin ƙirƙira da tambari

Wasu dabarun matse sauti da bidiyo suna da masu haƙƙin ƙirƙira, waɗanda ke karɓar kuɗi daga duk mai raba manhajar da ke amfani da su. Wannan ne ya sa Fedora, wadda kamfanin Red Hat na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta daɗe ba ta iya kunna MP3 da kanta, har sai da wa'adin haƙƙin ya ƙare. Manhajar VLC kuwa tana zuwa da kusan duk dabarun a cikinta, domin ƙungiyar VideoLAN da ke yin ta a Faransa take, kuma matsayinta shi ne dokar can ba ta amince da irin wannan haƙƙi a kan manhaja ba. Abu ɗaya ne, amma hukuncinsa ya bambanta gwargwadon ƙasar da mai rabawa yake.

Tambari ma yana da nasa hukunci. Daga 2006 zuwa 2016 Debian ta riƙa raba Firefox da sunan Iceweasel, saboda saɓani da Mozilla kan amfani da suna da tambari a jikin manhajar da aka yi wa gyara. Rubutun tushen na 'yanci ne, sunan kuwa yana da mai shi. Duk wata jami'a ko ma'aikata da ke son gyara Ubuntu ta raba wa jama'a a matsayin nata tsarin za ta ci karo da irin wannan sharaɗi daga kamfanin Canonical.

Takunkumin Amurka a kan Sudan

A watan Agustan 1993 Amurka ta saka Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da tallafa wa ta'addanci. A farkon Nuwamban 1997 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan umarni mai lamba 13067, wanda ya hana kusan duk wata hulɗar kasuwanci tsakanin Amurkawa da Sudan. Manhaja da hidimomin intanet suna cikin abin da aka hana. Hukumomi biyu ne ke kula da wannan: OFAC a ma'aikatar baitulmali, da BIS a ma'aikatar kasuwanci.

A watan Janairun 2010 shafin SourceForge, wanda a lokacin yake cikin manyan rumbunan manhajar 'yanci a duniya, ya toshe masu shiga daga Sudan da Iran da Kuba da Siriya da Koriya ta Arewa. Bayan ƙorafi ya yi yawa, a watan Fabrairu ya bar wa masu kula da kowace manhaja su yanke hukunci a kan tasu. A watan Maris na shekarar OFAC ta halatta wasu manhajojin sadarwa na kyauta, irin na aika saƙo da hira. A Janairun 2014 shafin karatu na Coursera ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa.

Sassauci na gaba ya zo a watan Fabrairun 2015, lokacin da aka halatta tura wayoyi da kwamfutocin hannu da manhajojin kariya da sauran kayan sadarwa na ɗaiɗaikun mutane. A Janairun 2017 shugaba Barack Obama ya dakatar da takunkumin kasuwancin, gwamnatin Donald Trump kuma ta soke shi daga 12 ga Oktoban 2017. An cire Sudan daga jerin masu tallafa wa ta'addanci ranar 14 ga Disamban 2020. A Janairun 2021 BIS ta fitar da ita daga rukunin ƙasashen da aka fi tsananta wa.

Wannan canji na ƙarshe yana da muhimmanci ga masu haɗa kaya a wajen Amurka. Dokar Amurka tana bin kayan wata ƙasa idan kason kayan Amurka masu takunkumi da ke cikinsu ya wuce wani mizani. Ga Sudan mizanin ya kasance kashi 10 cikin ɗari, a 2021 ya koma kashi 25. Kafin nan, kamfanin Turai ko na Asiya da ya haɗa ɗan wani sashe na Amurka a cikin na'urarsa ko manhajarsa yakan iya samun kansa a ƙarƙashin dokar ba tare da ya taka ƙasar ba.

Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, Amurka ta fitar da umarni mai lamba 14098 a watan Mayu, wanda ya shafi mutane da kamfanonin da aka ambata da suna. A watan Mayun 2025 kuma ta sanar da sabon takunkumi a kan gwamnatin Sudan bisa zargin amfani da makami mai guba, zargin da gwamnatin ta musanta, kuma takunkumin ya haɗa da taƙaita wasu kayan da ake fitarwa daga Amurka. Ba tsohon haramcin 1997 ne ya dawo ba, amma mai tura kaya yana bukatar duba wanda zai karɓa da irin kayan.

Me ya sa manhajar 'yanci ma ta toshe

Ƙa'idojin da Debian ta rubuta a 1997, waɗanda aka gina ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja a kansu a 1998, sun ce lasisi ba zai nuna bambanci ga wani mutum ko wata al'umma ba, ba kuma zai hana amfani da manhaja a wani fannin aiki ba. Lasisin da ya ce ban da 'yan Sudan ya fita daga sahun 'yanci. Dokar Amurka kanta, a mafi yawan lokuta, ba ta ɗaukar rubutun tushen da aka wallafa ga kowa a matsayin kayan da ke buƙatar izinin fitarwa, sai dai akwai ƙarin sharuɗɗa a kan dabarun kulle bayanai.

Matsalar ta taso ne daga wajen mai rumbu. Kamfanin da ke ajiye manhajar yana yin hidima, kuma hidima ga Sudan tana cikin abin da aka hana. Tarar karya dokar tana da nauyi, kasuwar Sudan kuma ƙarama ce a idon waɗannan kamfanoni, don haka lauyoyinsu suka zaɓi hanya mafi sauƙi: a toshe duk wata lambar intanet da ta fito daga ƙasar. Na'urar da ke toshewa ba ta san ɗalibi daga jami'in gwamnati ba.

Fedora ta fuskanci wani ɓangare na matsalar, wato masu ba da gudummawa daga ƙasashen da ke ƙarƙashin takunkumi. A 2014 kwamitin injiniyoyinta ya tsai da shawarar cewa masu karɓar sabbin mahaɗa ƙunshi ba za su tambaye su ƙasarsu ko mazauninsu ba. Idan bayanin ya fito da kansa, sai a miƙa batun ga ɓangaren shari'a.

Soke doka kuma ba ya buɗe ƙofa nan take. Jerin ƙasashen da aka hana yana rubuce a cikin takardun sharaɗi da saitin na'urori na kamfanoni masu yawa, kuma ba kowa ke komawa ya gyara ba. A watan Mayun 2024, lokacin da rumbun Docker Hub ya toshe masu shiga daga Rasha na 'yan kwanaki, saƙon da ya riƙa nuna musu yana lissafa Sudan cikin ƙasashen da aka toshe, shekara shida da rabi bayan soke takunkumin kasuwancin. Injiniyan da ya ga an toshe shi yana da dalilin rubuta wa kamfanin ya nuna ranakun da dokar ta canza, domin wani lokaci tsohon jeri ne kawai ba a sabunta ba.

Dabarun da masu haɗa ƙunshi ke bi

Dabara ta farko ita ce raba rumbu gida-gida. Debian tana da sashen main na manhajar 'yanci zalla, da contrib na manhajar 'yanci da ke dogara da wadda ba ta 'yanci ba, da non-free na wadda aka yarda a raba amma da sharaɗi. Daga Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, an ƙara sashen non-free-firmware domin ƙananan manhajojin da ke tayar da sassan na'ura kamar katin wayales. Ubuntu tana da main da universe da restricted da multiverse. Amfanin rabawar shi ne wanda zai kwafi rumbun ya san sashen da zai ɗauka hankali kwance da wanda sai ya karanta sharaɗinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu ita ce ƙunshi mai aike. Shi ba ya ɗauke da kayan, yana zuwa ne ya ɗauko su daga wurin mai su a lokacin da ake girkawa. Misali sananne shi ne ttf-mscorefonts-installer, mai ɗauko haruffan Microsoft irin su Arial da Times New Roman daga SourceForge, domin lasisinsu ya yarda a raba su ne kawai a yadda suka fito ba tare da sauyi ba. Haka OpenH264 na kamfanin Cisco: tun 2013 kamfanin ya ɗauki nauyin biyan kuɗin haƙƙin ƙirƙira, da sharaɗin a sauke sarrafaffiyar manhajar daga wurinsa. Wannan dabara tana kare mai haɗa ƙunshi daga shari'a, amma ita ce mafi rauni ga mai zama a Bahri, domin idan wurin da aka aike shi ya toshe Sudan ko intanet ta yanke, ƙunshin ya zama fanko.

Ta uku ita ce raba bayanin haɗawa maimakon abin da aka haɗa, kamar yadda rumbun AUR na Arch Linux ke yi. Mai amfani ne ke ɗauko kayan ya haɗa a na'urarsa, nauyin bin lasisin kuma ya koma kansa.

Ta huɗu ita ce ajiye kaya a wata ƙasa. Lokacin da Amurka ke ɗaukar dabarun kulle bayanai kamar kayan yaƙi, Debian ta riƙe irin waɗannan ƙunsoshi a wani rumbu na daban mai suna non-US a wajen ƙasar. Bayan an sassauta dokar a 2000, sai suka shiga babban rumbu daga Debian 3.0 ta 2002. Rumbunan Debian da Ubuntu suna da kwafi a ƙasashe da yawa, kuma kowace jami'a tana iya yin nata kwafin a cikin harabarta.

Ta biyar ita ce maye gurbi. LibreOffice a madadin Microsoft Office, OpenJDK a madadin Java ta Oracle, haruffan Liberation a madadin Arial da Times New Roman, waɗanda faɗinsu ya yi daidai da na asalin har takarda ba ta hargitsewa. Ga wurin da ƙofa ke iya rufewa a kowane lokaci, wannan ce ta fi ɗorewa.

Haruffan boko da ajami

Haruffa ma manhaja ce mai lasisi, kuma a nan batun ya taɓa Hausa kai tsaye. Mai buga takarda a Omdurman ko Zinder yana buƙatar haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, mai rubuta ajami kuma yana buƙatar waɗanda suka san wasulan Warsh. Ƙungiyar SIL ta fitar da Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano da Nijar. Ga Larabci akwai Amiri da Scheherazade, sannan akwai dangin Noto na Google.

Dukkansu suna ƙarƙashin lasisin OFL. Ya yarda a kwafa, a haɗa su cikin ƙunshi, a raba, har a sayar da manhajar da ke ɗauke da su. Ya hana sayar da haruffan su kaɗai, kuma idan mai su ya keɓe sunan, wanda ya yi gyara sai ya sauya suna kafin ya raba.

Idan intanet ta yanke

Sudan ta ga yankewar intanet ta makonni bayan tarwatsa zaman dirshan a Hartum ranar 3 ga Yunin 2019, da kuma bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a yawancin ƙasar, a daidai lokacin da jama'a suka dogara da manhajar Bankak ta Bankin Hartum wajen karɓar kuɗi daga 'yan'uwa. A irin wannan hali manhaja daga hannu zuwa hannu take yawo.

Hatsarin wannan hanya shi ne jabu. Manhajar da aka fasa makullinta, ko manhajar banki da aka karɓa daga wayar wani, tana iya zuwa da ɓoyayyen abin da ke satar lambobin sirri. Shekarun takunkumi sun saba wa mutane da fasassun manhajoji, waɗanda ba sa samun gyaran tsaro daga masu su. Rumbunan Linux suna sa hannun sirri a kan jerin ƙunsoshinsu, don haka ko a filash aka kawo su, na'ura tana iya gane ko an taɓa su. Android ma ba ta yarda a sabunta manhaja da wata mai sa hannu daban, kuma idan waya ta ƙi karɓar sabuntawa saboda wannan dalili, alama ce ta a tsaya a bincika. Manhajar apt-offline tana ba da damar ɗauko gyare-gyare a inda akwai intanet a kai wa kwamfutar da ba ta da ita, F-Droid kuma tana da hanyar musayar manhaja tsakanin wayoyi biyu da ke kusa da juna.

Sojoji sun sake karɓe Bahri da Hartum a farkon 2025. Jami'o'i da asibitoci da masana'antun yankin, ciki har da Jami'ar Bahri da aka kafa a 2011 a Kadaro, suna cikin wuraren da yaƙin ya ratsa, kuma ɗakunan kwamfuta da yawa sai an sake su daga tushe. Irin manhajar da aka zuba a sabbin na'urorin ita za ta nuna ko ma'aikata za su iya kwafa da gyara su da kansu a ranar da hanya ta sake toshewa.

Dokokin gida

Takunkumin waje bai soke haƙƙin mallaka a cikin gida ba. Sudan ta shiga yarjejeniyar Berne a 2000, tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2013 wadda ta maye gurbin ta 1996, kuma tana cikin ƙungiyar ARIPO. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin OAPI, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Najeriya tana aiki da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Manhajar da ɗan Bahri ya rubuta tana da kariya a Kano da Yamai, kamar yadda ta ɗan Paris take da ita a Omdurman. Idan yana son a yi amfani da ita a raba, sai ya sa mata lasisi a bayyane.

Abin da ake dubawa kafin a raba

Masu wannan aiki sukan fara da rubuta jerin duk abin da ke cikin ƙunshin: suna, lambar kashi, inda aka samo, da lasisinsa, har da ƙananan sassan da manyan suka jawo. Tsarin SPDX, wanda ya zama mizanin ISO a 2021, yana da gajerun sunaye na bai-ɗaya domin wannan jeri.

Daga nan sai a ware abin da ba shi da lasisi ko wanda lasisinsa ya hana rabawa, a nemi madadinsa ko rubutaccen izini daga mai shi. A haɗa rubutun kowane lasisi a cikin ƙunshin. Idan akwai GPL, a ajiye rubutun tushen a filash ɗin ko rumbun da sarrafaffiyar take, wanda ya fi sauƙi a kan alkawarin shekara uku. Idan an yi gyara, a duba sharaɗin suna da tambari.

Sai a gwada girka ƙunshin a kwamfutar da aka cire wa intanet. Duk sashen da ya tsaya yana neman wani shafi na waje, shi ne zai fara faɗuwa ranar da aka toshe ko layi ya ɗauke. Idan kuma kayan za su fito ne daga kamfanin Amurka ko suna ɗauke da sashensa, a duba dokar da ke aiki a ranar turawar da sunan hukumar da za ta karɓa, domin matsayin Sudan ya canza a 2015 da 2017 da 2021 da 2025. A manyan kwangiloli na jami'a ko asibiti, wannan dubawa aikin lauya ne.